Daga Bakolori Zuwa Maitama: Wa Ake Tasa Kafin A Gina Gidan Alfarma?

Duk wanda ya shiga Abuja ta hanyar filin jirgin sama a 'yan shekarun nan ba zai rasa ganin manyan allunan talla a gefen titi ba, masu ɗauke da hoton bene hawa bakwai ko goma, da tafkin wanka a tsakar gida, da miji da mata suna shan shayi a baranda suna murmushi. Wanda bai taɓa zuwa Abuja ba ma, tallar ta iske shi har ɗaki ta wayar hannu. Yaranmu da ke aikin birkila da leburanci a Guzape da Katampe da Jahi su kan ɗauki hoton ginin da suka ɗora wa bulo su turo gida, a yi ta kallo ana jinjinawa a Talata Mafara da Bakura da Maradun. Da yamma kuwa waɗannan yara su kan bi motar haya su koma Mararaba ko Masaka ko Suleja, inda mutum huɗu ko biyar ke kwana a ɗaki guda.

Mai karatu zai iya cewa, ina ruwan mutumin Mafara da benen Maitama? Ruwansa kuwa da yawa. Hasali ma dattawan waɗannan garuruwa uku sun riga mutanen Abuja da na Legas sanin yadda ake share wuri kafin a yi babban gini, domin a kansu aka gwada tun fiye da shekara arba'in da suka wuce.

Bari mu fara da abin da ake sayarwa. In ka karanta tallar da kyau, za ka ga ɗakunan ba su ne kan gaba ba. Abin da ake fara ambata shi ne wutar lantarki dare da rana, ruwa daga rijiyar burtsatse ta gidan, katanga mai waya a sama, masu gadi a ƙofa, da na'urar ɗaukar hoton mai shiga da mai fita. Wato wuta da ruwa da tsaro, abubuwa uku da kowane ɗan ƙasa ke biyan haraji domin hukuma ta samar masa, su ne aka tattara a bayan katanga ɗaya aka sa musu farashi. Bayan kuɗin haya na miliyoyin naira a shekara, akwai wani kuɗin dabam na hidimar gida, na man janareta da albashin masu gadi da kwashe shara. A Ikoyi ta Legas akwai gidajen da ba a faɗin kuɗinsu da naira sai da dalar Amurka. Kuma da zarar mai faɗa a ji ya sami wutarsa da ruwansa da tsaronsa a cikin gida, to ya daina jin zafin rashinsu a gari, ba kuma zai ƙara ɗaga murya a kansu ba.

A ƙasashen Turai an daɗe da lura da yadda unguwar talakawa ke komawa ta masu hali. Wata mai bincike a birnin Landan, Ruth Glass, ita ta fara ba abin suna a 1964, da ta ga masu kuɗi suna sayen tsofaffin gidajen ma'aikata ɗaya bayan ɗaya suna gyarawa, har kuɗin haya ya fi ƙarfin waɗanda aka haifa a wurin, suka tattara suka bar unguwar. A can kuɗin haya ne ke korar mutum, sannu a hankali. A nan ƙasar muna da wannan, muna kuma da wata hanya mai sauri, wato katafila da 'yan sandan kwantar da tarzoma.

Raba unguwa tsakanin manya da ƙanana kuwa mun gaje shi ne daga Turawan mulki. Dokar garuruwa ta 1917, ta zamanin Lugga, ta ware wa Turawa unguwarsu, ta kuma ce a bar fili na yadi 440 tsakaninsu da 'yan ƙasa, wai don gudun cizon sauro. Wannan unguwa ce ta zama G.R.A. bayan samun mulkin kai, manyan ma'aikatanmu suka shiga gidajen da Turawa suka bari. Baƙi kuma, ma'aikatan jirgin ƙasa da akawuna da 'yan kasuwa, aka ba su Sabon Gari. Da yawa daga cikin majami'unmu na Kano da Zariya da Gusau a can aka kafa su, don haka ba sai an yi mana dogon bayani ba a kan yadda hukuma ke zana wa mutum inda zai kwana.

Yanzu mu dawo gida. A 1974 aka fara gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, aka gama a 1978. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya, wani reshe na kamfanin Fiat, shi ya yi aikin tare da Gwamnatin Tarayya. Tafkin da aka tara yana ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 450, ya kuma shanye ƙasa kimanin hekta 8,000, yawancinta a ɓangaren Maradun. Daga ƙasan madatsar, wajen Talata Mafara da Bakura, aka tsara noman rani a kan hekta fiye da 20,000. A takarda babu abin da ya fi wannan kyau: alkama da shinkafa da tumatir sau biyu a shekara, a ƙasar da ta sha fari a farkon shekarun 1970.

Abin da ya faru da mutanen da ke kan ƙasar dabam ne. Waɗanda ruwa ya ci garuruwansu da fadamunsu an kwashe su an kai su tudu, inda ƙasar ba ta kai wadda suka baro ba. Waɗanda ke cikin filin noman rani an karɓe gonakinsu domin a baje su a haƙa magudanai, aka sare ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da mangwaro waɗanda kakanninsu suka bari, aka hana su shuka damina biyu, wasu uku. Da aka zo mayar da gonaki, iyakoki sun ɓace, wani ya sami ƙasa da abin da ya bayar, wani ya tarar an rubuta sunan wani a kan tasa. Diyya ta yi jinkiri, inda ta zo ma ba ta taka kara ta karya ba. Mutumin da ya yi shekara biyu bai girbe ko dami ɗaya ba, kuma yana da iyali, me ya rage masa in ba sayar da gonar ba? Haka filaye da dama suka koma hannun 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati masu kuɗin sayen taki da biyan kuɗin ruwa. Can ƙasa kuma, a fadamun da ke jiran ambaliyar gulbi kowace shekara, ruwa ya ragu, shinkafa da kifi suka ja baya, su kuwa waɗannan ba a ma lissafa su cikin masu karɓar diyya ba. A daidai lokacin, kamar kowane babban aikin gwamnati na zamanin, an gina wa injiniyoyi da manyan ma'aikata nasu rukunin gidaje masu wuta da famfo, manomi yana hangowa daga nesa.

Daga ƙarshen 1979 manoma suka fara tare hanyoyin aikin suna neman haƙƙinsu. A watan Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa na tsohuwar Jihar Sakkwato, aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma, suka buɗe wuta a Birnin Tudu da ƙauyukan da ke kewaye. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai ne suka mutu. Wasu majiyoyi kuwa sun ce sun haura 380. Zuwa farkon shekarun 2000 injinan fesa ruwa da aka kafa a mafi yawan filin sun daina aiki, abin da ake nomawa da ruwan magudana bai wuce hekta 7,500 ba. Sai a 2014 Bankin Duniya ya amince da wani rance na gyaran manyan ayyukan noman rani na Arewa, har da Bakolori a ciki.

To me ya haɗa madatsar ruwa da benen alfarma? Doka ɗaya ce. A watan Maris na 1978, shekarar da aka gama Bakolori, gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa dokar amfani da ƙasa. Dokar ta danƙa dukan ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta ba shi ikon soke haƙƙin kowa a kan fili in ya ce don amfanin jama'a ne. A Arewa wannan ba sabon abu ba ne, domin dokar Turawa ta 1910 da dokar Jihar Arewa ta 1962 sun riga sun share hanya. Amma ga inda gizo ke saƙa: in an karɓi filinka, ba a biyan ka kuɗin ƙasar kanta. Abin da ake biya shi ne abin da ka ɗora a kai, wato gini ko shuka ko itatuwa. Saboda haka mai gonar gero za a ƙirga masa kuɗin gero, mai ɗakin ƙasa a ƙirga masa kuɗin laka da azara. Bayan an tashe shi, an ja titi, an kafa turakun wuta, an yanka fuloti, sai wannan ƙasa da aka ce ba ta da farashi ta koma ta miliyoyi a hannun wanda aka ba takardar mallaka. Duk ribar da ke tsakanin kuɗin gero da kuɗin fuloti ta tafi wurin wanda ya san ƙofar ofishin filaye. An kuma cusa dokar cikin tsarin mulki na 1979 da na 1999, yadda ba a iya taɓa ta sai ta hanyar gyaran tsarin mulki.

Da wannan ma'auni za a gane abin da ya faru a Maroko ta Legas. A watan Yulin 1990 gwamnan soja Raji Rasaki ya ba mazauna unguwar wa'adin kwana bakwai, sannan katafiloli suka shiga cikin ruwan damina. An ƙiyasta mutum 300,000 suka rasa matsuguni. Dalilin da aka bayar shi ne wurin yana ƙasa da teku, ambaliya za ta halaka mutane. Bayan an cike shi da yashi, yau yana cikin ƙasa mafi tsada a Nijeriya, tsakanin tsibirin Victoria da Lekki, kuma ba a ƙara jin maganar ambaliya ta hana kowa gini ba. Tsakanin 2016 da 2017 aka maimaita a Otodo Gbame, ƙauyen masunta a gefen Lekki, inda kimanin mutum 30,000 suka watse. Babbar kotun Legas ta yanke hukunci a watan Yunin 2017 cewa korar ta saɓa wa tsarin mulki, amma kafin nan gidajen sun zama toka.

Abuja kuwa tun daga tushe haka take. Dokar da Janar Murtala ya sa wa hannu a watan Fabrairun 1976 ta ɗauki yankin kamar babu mai shi, alhali Gbagyi da Gwandara da Koro da Gade da Bassa suna zaune a kai tun kaka da kakanni. Da farko an ce za a kwashe kowa a sake masa matsuguni a wajen yankin, daga baya aka ce kuɗin ya yi yawa. Mutanen Wuse na asali suna Sabon Wuse a Jihar Neja, sunan garinsu kuwa yana kan unguwar bankuna da manyan kantuna. Bayan gwamnati ta tare a watan Disambar 1991, ma'aikata suka kwararo, ba a tanadar wa ƙananansu wurin zama ba, suka raɓa a ƙauyukan Gbagyi. A rusau ɗin da aka yi tsakanin 2003 da 2007, lokacin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake ministan birnin, ƙungiyoyin kare haƙƙin matsuguni sun ƙiyasta mutum 800,000 abin ya shafa. Gaskiya ne an karya tsarin birni, kuma rusau ɗin ya taɓa gine-ginen wasu manya. Sai dai babban da aka rushe wa gida yana da na biyu.

Su wa ke kwana a waɗannan benaye? Duk wanda ya zaga Maitama ko Asokoro da dare zai ga gidaje da yawa babu fitila sai ta ɗakin maigadi. Ba don zama aka saye su ba, rumbu ne na ajiye kuɗi, musamman da darajar naira ke zubewa. A watan Afrilun 2017 hukumar EFCC ta buɗe wani gida a benen Osborne da ke Ikoyi ta tarar da tsabar kuɗi fiye da dala miliyan 43 a cikin akwatunan ƙarfe. Babu mutum a gidan, kuɗi ne ke haya. A watan Disambar 2024 kotu ta mallaka wa gwamnati wani rukunin gidaje 753 a Lokogoma ta Abuja, wanda hukumar ta ce na wani tsohon babban jami'i ne. Mutum ɗaya, gida 753, a garin da malamin firamare ke tashi da asuba daga Jihar Nasarawa don ya iso aji a kan lokaci.

Talata Mafara da Bakura da Maradun ba su da bene hawa goma, amma kada a ɗauka ƙananan garuruwa ne a siyasa. Tun da aka koma mulkin farar hula a 1999, Bakura ta ba Zamfara Gwamna Ahmad Sani na shekara takwas, Talata Mafara ta ba da Abdul'aziz Yari daga 2011 zuwa 2019, Maradun ta ba da Bello Matawalle daga 2019 zuwa 2023. Shekara ashirin ke nan cikin ashirin da huɗu na farko, kujerar da dokar 1978 ta danƙa wa dukan ƙasar jihar tana hannun ɗan ɗaya daga cikin garuruwan nan uku. Mafara tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, ga kuma jami'ar jiha da aka kafa a can. An sami tituna, an sami manyan gidaje masu dogayen katangu. Ba mu ce kowane gida da kuɗin haram aka gina shi ba, wannan aikin kotu ne. Abin da ido ke gani shi ne yawancin irin waɗannan gidaje sai da salla ko lokacin zaɓe ko rasuwa ake buɗe su. Masu su suna Abuja ko Kaduna, 'ya'yansu suna makaranta a can ko a ƙasar waje.

Abin da ya sauya lissafin gidaje a wannan yanki shi ne rashin tsaro. A ranar 26 ga Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara. A watan Agusta na shekarar aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura aka tafi da ɗalibai da ma'aikata. A ranar 1 ga Satumba aka ɗauki ɗalibai 73 a Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun. Bayan haka aka rufe layukan waya da kasuwannin mako na wani lokaci. Waɗannan su ne suka shiga jarida. Ƙauyukan da aka sa wa haraji, da waɗanda aka hana noma, da waɗanda suka tashi gaba ɗaya, ba su ƙirguwa.

Daga nan sai aka sami wani tsani na gudu, kowa yana hawa matakin da aljihunsa ya kai. Mutumin ƙauye ya gudo Maradun ko Bakura ko Mafara. Mai ɗan hali na waɗannan garuruwa, ɗan kasuwa ko ma'aikaci, ya kai iyalinsa Gusau ko Sakkwato. Attajirin Gusau ya sayi gida a Kaduna ko Kano. Na can sama ya sayi bene a Abuja, wani ma har Dubai. A kowane mataki sabon zuwa ya fi wanda ya tarar kuɗi ko ya fi shi matsuwa, don haka mai gida ya ƙara haya, na ƙasa ya matsa gefen gari, inda babu ruwa, babu wuta, kuma nan ne ɓarayin daji ke fara taɓawa. Waɗanda ba su da ko sisi su ne muke gani a kangwayen Gusau, mata da yara a ginin da ba rufi, ba ƙofa. Benen Maitama da kangon Gusau, ƙarshe biyu ne na tsani ɗaya.

Jama'armu suna tsakiyar wannan tsani. Mafi yawan masu bi a garuruwan Zamfara 'yan haya ne: malaman makaranta, ma'aikatan jinya, 'yan sanda da sojoji, masu sayar da kayan gyaran mota, masu yi wa ƙasa hidima, da 'yan'uwanmu Hausawa da suka baro ƙauyukansu. Wanda ba shi da gidan gado a cikin gari, kowane ƙarin haya a kansa yake sauka kai tsaye, kuma sau da yawa unguwannin da zai iya samun ɗaki ƙalilan ne, abin da ke ba mai gida damar tsuga kuɗi. 'Yan'uwa na Kaduna sun san wannan tun bayan rikicin watan Fabrairun 2000, lokacin da gari ya rabu biyu a kan kogi, aka yi ta musayar unguwa, hayar Sabon Tasha da Narayi da Television ta tashi saboda tsoro ya cika su da mutane. Musulmin da suka gudo daga kudancin kogin su ma haka suka tarar a Rigasa da Tudun Wada. Dillalai ne kaɗai suka ci riba ta ɓangarorin biyu.

Sai mu yi wa masu gidaje adalci. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin naira ta nemo wa kanta daraja, buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama a farkon 2024, rodi da kwano da fenti duk suka bi sahu. Gwauruwar da mijinta ya bar mata ɗaki huɗu tana ci da marayu daga kuɗin haya, ba azzaluma ba ce in ta ƙara. Albashi mafi ƙanƙanta da aka mayar naira 70,000 a watan Yulin 2024 bai kamo tsadar ba. Kuma gini sama ba laifi ba ne. Garin da jama'arsa ke ƙaruwa dole ya hau sama ko ya cinye gonakin da ke kewaye da shi, kuma bene ɗaya na iya ɗaukar iyali ashirin a filin da gidan Bature ɗaya ya mamaye a da. Ga kuma aikin yi ga birkila da kafinta da mai walda. Tambayar ita ce wa ake gina wa. Mai kuɗin gini ya lura cewa ribar gida ɗaya na alfarma ta fi ta ciki da falo talatin, bankuna ba sa ba ƙaramin ma'aikaci rancen gida mai sauƙin ruwa, gwamnatoci kuma sun ja baya daga irin gidaje masu sauƙin kuɗi da aka gina zamanin Shagari, da na Lateef Jakande a Legas. Ko doka ma ta san inda take tsayawa. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta hana karɓar kuɗin fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, amma ta cire Ikoyi da tsibirin Victoria da Apapa da G.R.A. ta Ikeja daga ciki.

Akwai kuma abin da ya kamata mu faɗa wa kanmu. Kowane yaron makarantar Lahadi ya san labarin Nabot da Sarki Ahab a Littafin Sarakuna na Fari, sura 21. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne Ahab bai fara da ƙwace ba, ya fara da tayin kuɗi mai kyau, kuma da aka zo kashe Nabot an bi tsari, an kira taro, an kawo shaidu. Mu kan yi wa'azin nan muna nuna gwamnati da yatsa. Amma ikilisiya ma mai filaye ce. Filayen mishan da aka samu a bakin gari shekara saba'in da suka wuce yanzu suna tsakiyar birni, kuma dillalai suna zagaya su. A manyan birane mun ga inda aka sayi gidajen haya a jere aka rushe don a faɗaɗa majami'a ko a yi wurin ajiye motoci, ba wanda ya tambayi inda 'yan hayar suka nufa. Mun ga dattijon ikilisiya da ya ninka wa ɗan'uwansa haya ana saura wata ɗaya wa'adi ya cika, ranar Lahadi kuma suka zauna a benci ɗaya. Kafin majalisar dattawa ta sa hannu a kan sayar da fili ko ba da shi jingina ga mai gina benaye, ya kamata a karanta yarjejeniyar a gaban taron membobi, a kuma ji ko akwai ɗakunan da mai bishara da malamin makaranta da gwauruwa za su iya biya.

Ga mai ɗan fili ko gona kuwa, darasin Bakolori a fili yake. Waɗanda suka fi shan wuya a 1980 su ne waɗanda ba su da wata shaida sai ta baki da itacen da ke kan iyaka, itacen kuma aka sare. Takardar mai unguwa ko ta hakimi tana da amfani, amma ba ta kai takardar ƙaramar hukuma ba, ita ma ba ta kai ta gwamna ba. Neman ta akwai wahala da kashe kuɗi, shi ya sa ya fi sauƙi mutane goma ko ashirin su haɗu su nema tare, ta hannun ƙungiyar manoma ko zumuntar maza ko ta mata, Kirista da Musulmi maƙwabtan gona, tunda katafila ba ta tambayar addini. Lauyoyi da masu awon ƙasa da ke cikin ikilisiyoyinmu na Gusau da Sakkwato za su iya ba da rana ɗaya a wata don wannan.

Dalilin gaggawar shi ne abin da ke gudana yanzu ba tare da hayaniya ba. Gonar da mai ita ba ya iya zuwa saboda tsoro, darajarta ta faɗi. Iyalin da aka ɗauke wa mutum aka nemi kuɗin fansa, abin da suke fara sayarwa dabbobi ne, sannan gona, kuma a farashin da mai saye ya ga dama, domin wa'adin 'yan bindiga ba ya jiran ciniki. Mai sayen kuwa ba ya bukatar ya noma ta bana ko baɗi. Yana da inda yake kwana lafiya, yana iya jira shekara goma. Ƙasar da ke gefen magudanan Bakolori da aka kashe rancen Bankin Duniya a kansu, da filayen da ke kewaye da jami'a a Mafara, da na bakin titin Gusau zuwa Sakkwato, duk za su yi tsada ranar da hanya ta yi lafiya. Waɗanda suka gudu za su dawo su tarar da turakun siminti a gonakin da suka sayar don su fanshi 'ya'yansu, kuma a wannan karon ba za a sami kamfanin Italiya ko ɗan sandan da za a nuna ba, domin da hannunsu suka karɓi kuɗin, a gaban shaidu.